Kunne kafin ido: yadda ƴan Katolika ke karanta Littafi Mai Tsarki

Abu ne da kan faru a cocin Katolika na Yamai, inda Faransanci da Hausa ke zama a benci ɗaya. An gama karatu na farko, mai karatu ya sauko, ƴan waƙa sun ɗauki Zabura. Takardar ranar ta ce Zabura 22. Wata dattijuwa ta buɗe Littafi Mai Tsarki nata na Hausa, wanda bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, ta kai yatsa kan 22, sai ta tarar da kukan mutumin da ke tambayar Allah don me ya yashe shi. Abin da ke fitowa daga bakin ƴan waƙa kuwa daban ne: Ubangiji makiyayi ne, ba za a rasa kome ba. Ta taɓa ƴarta, ta ce, "Ke, duba mini, ko idona ne?" Yarinyar ta leƙa, ta ce, "Inna, gaba kaɗan. A naki 23 ce."

Ba idon Inna ba ne, ba kuma kuskuren maɗaba'a ba. Lissafin Zabura iri biyu ne. Akwai na Ibrananci, wanda fassarar Hausa ke bi, akwai kuma na tsohuwar fassarar Girkanci, wanda Latin ya gada, littattafan sujada na Faransanci kuma suka gada daga Latin. Zabura 9 da 10 na Ibrananci guda ɗaya ce a Girkanci, daga nan lamba ta zame. Saboda haka in takardar Misa ta ba ka lamba tsakanin 10 da 145, ƙara ɗaya kafin ka nema a Hausa, ban da ɗan rikicin da ke tsakanin 113 da 115. Daga 148 lissafin biyu sun sake haɗuwa har 150. Shi ya sa littattafai da yawa ke rubuta lamba biyu, kamar 22 (23).

Wannan ɗan abu ya isa ya nuna cewa littafin nan ya yi doguwar tafiya hannu da hannu kafin ya iso gare mu. Ɗan Katolika yana karɓarsa ne daga jama'ar da ta riƙe shi, ta yi addu'a da shi, ta kuma tantance abin da ke cikinsa. Duk yadda yake karatu da yadda yake fassara, daga nan suka samo tushe.

Wanda ya je sayen Littafi Mai Tsarki, ya fara buɗe jerin littattafan da ke shafin farko ya ƙirga. Na Katolika 73 ne: 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Wanda ke hannun ƴan'uwanmu Furotesta 66 ne. Sabon Alkawari ɗaya ne a wurin kowa. Bambancin yana kan littattafai 7 na Tsohon Alkawari, wato Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na 1 da na 2, sai wasu sassa na Esta da Daniyel. Asalin abin shi ne, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya littattafansu zuwa Girkanci, a fassarar da ake kira ta Saba'in. Ita ce Kiristocin farko masu jin Girkanci suka riƙe, kuma littattafan nan 7 ta wannan hanya suka zo. Taron bishop-bishop na Hifo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya lissafa su a 393, na Kartaj a Tunisiya ya maimaita a 397. Da masu gyaran addini na ƙarni na 16 suka koma ga jerin Ibrananci, Majalisar Tirento ta tabbatar da tsohon jerin a 1546. A aikace, mai littattafai 66 zai nemi Sirak ranar Lahadi ya rasa, haka nan in an kawo 2 Makabiyawa sura 12, wurin da ke maganar yi wa matattu addu'a. Abu na biyu da za a duba shi ne bayan shafin take, inda akan sa kalmar Imprimatur, alamar cewa hukumar Ikilisiya ta yarda a buga. Na uku, bayanan da ke ƙasan shafi. Dokar Ikilisiya ta ce fassara ta zo da isasshen bayani, kuma rabin tambayoyin da mutane ke kai wa firist amsarsu na nan a ƙananan haruffan da ba a karantawa.

Masu Faransanci a Yamai sun saba da Bible de Jérusalem, wadda ta fito cikin kundi ɗaya a 1956, da TOB, wadda Katolika da Furotesta suka yi tare. Abin da ake ji a Misa kuwa fassarar sujada ce ta 2013, don haka kada a yi mamaki in kalmomi sun ɗan saɓa da na gida. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin mishan na Furotesta, kuma duk Kirista mai jin Hausa yana cin moriyar wannan wahala. Lambobin sura da aya ba sa cikin asalin rubutun. Stephen Langton ne ya raba surori a farkon ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa wa Sabon Alkawari lambobin aya a 1551. Alamu ne na neman wuri, kamar lambar gida a unguwa. Wanda ya ɗauki aya guda a kan magana mai zaman kanta, sau da yawa rabin jimla ya ɗauka.

A garin da mafi yawan maƙwabta Musulmi ne, kalmar da ke saurin zuwa baki ita ce "saukarwa". Ɗan Katolika yana bukatar ya san abin da shi yake nufi, don ya iya yi wa maƙwabcinsa bayani cikin mutunci ba tare da ya ari ma'anar da ba tasa ba. Koyarwar Majalisar Batikan ta Biyu, a takardar Dei Verbum ta 18 ga Nuwamba 1965, ita ce Allah ne mawallafin Littafin, amma ya zaɓi mutane ya yi aiki a cikinsu, suna amfani da hankalinsu da harshensu a matsayin marubuta na gaske. Ana ganin haka a fili. Luka ya buɗe Bishararsa da cewa ya bi diddigin kome daga farko kafin ya rubuta. Bulus, a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, ya roƙa a zo masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa. Amos makiyayi ne, maganarsa tana ƙanshin karkara. Ruhu Mai Tsarki bai shafe waɗannan muryoyi ba. Gaskiyar da Littafin ke koyarwa ba tare da kuskure ba ita ce wadda Allah ya so a rubuta domin cetonmu. Katikisim na 1992, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 108, ya ƙara da cewa bangaskiyar Kirista ba addinin littafi ba ce, addinin Kalmar Allah ce, kuma Kalmar nan mai rai ce, Yesu Almasihu. Shi ya sa Bishara da Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci ba ta gaza ta Girkanci daraja a wurin sujada.

Yesu bai bar rubutaccen littafi ba, mutane ya bari. Wasiƙar Bulus ta farko ga Tasalonikawa, wadda masana ke ɗauka ita ce mafi tsufa a Sabon Alkawari, an rubuta ta wajen shekara ta 50 ko 51, Bisharar Markus kuma wajen 70. Kafin nan an yi shekaru ana wa'azi, ana baftisma, ana gutsuttsura gurasa. Bulus da kansa ya ce abin da ya karɓa shi ya miƙa (1 Korantiyawa 11:23 da 15:3), ya kuma ce wa Tasalonikawa su riƙe abin da aka koya musu, ko da baki ko ta wasiƙa. Wannan miƙawa ita ake nufi da Gadon Manzanni. Wasu kan fassara shi da "al'ada", kalmar kuwa tana ɓatar da mutane, don ba launin riga ko irin gangar da ake kaɗawa ake nufi ba. Waɗannan suna canjawa daga Yamai zuwa Kotonu. Gadon shi ne bangaskiyar da ake miƙawa a cikin koyarwa da sujada da rayuwa, kuma jerin littattafan 73 kansa daga cikinsa ya fito, tunda babu littafin da ya lissafa sauran. Na uku, bayan Littafin da Gadon, shi ne ikon koyarwa na Paparoma da bishop-bishop. A Yamai nauyin yana wuyan Akbishop Laurent Lompo, tare da ƴan'uwansa na taron bishop-bishop na Burkina da Nijar. Abubuwan nan uku kamar duwatsun murhu suke, ka zare ɗaya tukunya ta kife. Amma Dei Verbum ta faɗa ƙarara cewa ikon koyarwa ba ya sama da Kalmar Allah, hidima yake yi mata. Paparoma Piyus na 12 ma, a 1943, ya ce ayoyin da Ikilisiya ta yanke ma'anarsu kaɗan ne. Filin bincike da tunani yana da faɗi ƙwarai, shinge kawai aka sa a bakin rami.

Mafi yawan ƴan Katolika ta kunne suke fara sanin Littafin, kuma haka abin yake tun farko. Yustin Shahidi, wajen shekara ta 150, ya kwatanta taron Lahadi a Roma: ana karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi. Tsarin da ake bi yanzu an fito da shi a 1969. Ranar Lahadi karatu huɗu ne: na farko daga Tsohon Alkawari (a lokacin Ista, daga Ayyukan Manzanni), sai Zabura, sai wasiƙa, sai Bishara. Firist ba ya zaɓen wurin da ransa ke so. Abin da aka karanta a babban cocin Notre-Dame du Perpétuel Secours shi aka karanta a Tawa da Dogon Dutsi da Roma. Zagayen shekara uku ne: shekarar A ta Matiyu, B ta Markus, C ta Luka. Yahaya yana shigowa a lokacin azumin da ke kafin Ista da lokacin Ista, kuma da yake Markus gajere ne, a shekarar B ana ɗauke Lahadi 5, daga ta 17 zuwa ta 21, a karanta Yahaya sura 6 kan gurasar rai. Gane shekara ba wuya: in 3 ta raba lambar shekarar ba saura, C ce. Ke nan 2025 C ce, 2026 A, 2027 B. Sai dai shekarar sujada tana farawa ne da Lahadin farko ta lokacin Jiran Zuwan Almasihu, a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba na shekarar da ta gabata. Ranakun mako suna da nasu zagaye na shekara biyu a karatun farko, Bishara kuwa iri ɗaya ce kowace shekara: Markus daga mako na 1 zuwa 9, Matiyu 10 zuwa 21, Luka 22 zuwa 34.

Akwai sirri guda da ya kamata kowa ya sani game da karatun Lahadi na lokacin yau da kullum. An zaɓi karatu na farko ne don ya yi magana da Bishara, Zabura kuma amsa ce ga karatu na farko. Karatu na biyu yana bin wasiƙa ne sura bayan sura, ba lalle ya haɗu da sauran ba. Mai shirya wa'azi ko darasi da ya nace sai ya ɗaure duka huɗun da igiya ɗaya, ƙarshenta yakan murɗe maganar Bulus.

To, in an ji ko an karanta, yaya ake gane ma'ana? Matakin farko shi ne ma'ana ta zahiri, kuma a nan ake yawan tuntuɓe, don ana zaton zahiri yana nufin ɗaukar kowace kalma yadda take. Abin da ake nufi shi ne abin da marubucin ya so ya faɗa, ga mutanen zamaninsa, da irin salon da ya zaɓa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. In maroƙi ya ce wa sarki toron giwa, ba wanda ke neman haure. Kunnenmu yana rarrabe kirari da labari, karin magana da hukuncin alƙali, tatsuniya da wasiƙa, tun kafin mai magana ya kai ƙarshen jimla. Littafi Mai Tsarki yana da duka waɗannan. A Littafin Mahukunta sura 9 itatuwa sun fita neman sarki, zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, ƙaya ta karɓa. Habaici ne Yotam ya yi wa mutanen Shekem, kuma gaskiyar da ke cikinsa tana da zafi. A Zabura 114 duwatsu suna tsalle kamar raguna. Da Yesu ya ce in idonka na sa ka tuntuɓe ka ƙwaƙule shi, Ikilisiya ba ta taɓa koyar da a ɗauki wuƙa ba. A Luka 14:26 an ce sai mutum ya ƙi uwa da uba kafin ya zama almajiri, Matiyu 10:37 kuma ya bayyana salon: kada ka ƙaunace su fiye da shi.

Surorin farko na Farawa su ne babban wurin gwaji, musamman ga yaran lakkol da ke jin wani abu a aji, wani abu a katikisim. A sura 1 an yi haske a rana ta farko, rana da wata kuwa sai a ta huɗu, tsire-tsire da dabbobi sun riga mutum. A sura 2 an fara da mutum, sannan itatuwan gona, sannan dabbobi, sannan mace. Wanda ya haɗa labaran biyu gefe da gefe ya ga bambancin sarai, bai kuma dame shi ba, domin ba jadawalin kimiyya yake rubutawa ba. Yana koyar da cewa Allah ɗaya ne ya yi kome, abin da ya yi mai kyau ne, rana da wata fitilu ne ba alloli ba, namiji da mace kuma cikin siffar Allah suke. Tun ƙarni na 5 Agustin, bishop na Hifo, ya gargaɗi Kiristoci kada su riƙa faɗin shirme kan al'amuran sama da ƙasa da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin, don Littafin ne zai sha raini. Yaron da aka tilasta wa zaɓe tsakanin malamin kimiyya da Farawa an ɗora masa kayan da Ikilisiya ba ta ɗora masa ba.

Bayan an gane nufin marubuci, akwai ma'auni uku da Katikisim ya jera a sakin layi 112 zuwa 114: a karanta wuri cikin hasken Littafin gaba ɗaya, a karanta cikin Gadon Ikilisiya mai rai, a kuma lura da yadda gaskiyoyin bangaskiya ke riƙe da juna. Misali ya fi bayani. Akan ce wa ɗan Katolika, "Matiyu 23:9 ta hana kiran kowa uba, ku kuma kuna ce wa firist fada." Ka karanta daga farkon surar, za ka ga magana ce kan masu son wurin zama na gaba da gaisuwa a kasuwa. A wurin ma an hana kiran kowa malam. Bulus kuwa ya ce wa Korantiyawa shi ubansu ne ta wurin bishara (1 Korantiyawa 4:15). Girman kai aka hana, da sa mutum a matsayin Allah. Haka zancen ƴan'uwan Yesu a Markus 6:3. A Farawa 13:8 Ibrahim ya kira Lutu ɗan'uwa, alhali ɗan ɗan'uwansa ne, kamar yadda mu ma ɗan baffa da ɗan gwaggo duk ƴan'uwa ne. Biyu daga cikin sunayen, Yakubu da Yusufu, sun sake fitowa a Markus 15:40 a matsayin ƴaƴan wata Maryamu da ke tsaye daga nesa. A kan gicciye kuma Yesu ya danƙa mahaifiyarsa ga almajiri. Wasu Kiristoci suna fahimtar wurin daban, gaskiya ne, kuma kalmar ita kaɗai ba ta raba gardama. Abin da ya raba ta ga ɗan Katolika shi ne abin da Ikilisiya ta riƙe tun dā game da budurcin Maryamu. Wannan ma'aunin ne kuma ya sa "ƙwaƙule idonka" ya zama salon magana, amma "wannan jikina ne" aka ɗauke shi yadda aka faɗa. A Yahaya 6 almajirai da yawa sun juya baya saboda maganar, Yesu bai kira su ya ce misali yake yi ba, kuma Ikilisiyar farko haka ta gaskata a kan bagade.

A kan ma'ana ta zahiri ake gina ma'ana ta ruhu, mai rassa uku. A ɗauki ƙetare Bahar Maliya a Fitowa 14, karatun da ba a yarda a tsallake ba a daren Ista, ko da an rage wasu daga cikin karatu 7 na Tsohon Alkawari. A zahiri, Allah ya fitar da bayi daga hannun Fir'auna. Ta fuskar ishara ga Almasihu, ruwan nan hoton baftisma ne, kamar yadda Bulus ya nuna a 1 Korantiyawa 10, shi ya sa a daren ake yi wa manya baftisma. Ta fuskar hali, wanda ya ƙetare kada ya koma yana begen tukwanen naman Masar. Ta fuskar makoma, akwai ƙetarewa ta ƙarshe, inda Wahayin Yahaya sura 15 ya nuna masu nasara a bakin teku suna rera waƙar Musa. Sharaɗin da Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya, ya kafa yana nan: duk sauran ma'anoni a kan ta zahiri suke tsayawa. In ba haka ba, kowa sai ya ga abin da ransa ke so a cikin kowace aya ya ce Ruhu ne ya nuna masa.

Wahayin Yahaya ya fi kowane littafi shan wahala a wayoyin mutane. Kowane lokaci sai an turo saƙon murya ana cewa an gano 666 a cikin wata allura ko wani kati. Littafin an rubuta shi ne ga ikilisiyoyi 7 na Asiya Ƙarama da ke cikin matsi a ƙarƙashin mulkin Roma, da harshen alamu da su suka gane. Duk wanda ya san hisabi ya san haruffa na da lamba, kuma masana da yawa sun nuna cewa sunan Kaisar Nero, in an rubuta shi da haruffan Ibrananci, 666 yake bayarwa. Adadin 144,000 kuwa 12 sau 12 sau 1,000 ne, cikar jama'ar Allah, kuma ayoyi kaɗan a gaba an ga taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace kabila da harshe. Littafin ƙarfafa zuciya ne ga masu shan tsanani. Ranar ƙarshe kuwa, Markus 13:32 ta rufe bakin duk mai sa mata kwanan wata.

A gida, hanyar da Ikilisiya ta fi ba da shawara ita ce karatun addu'a, wanda wani ɗan zuhudu mai suna Gigo ya tsara matakansa huɗu a ƙarni na 12, Paparoma Benedikt na 16 kuma ya sake jaddada shi a takardarsa Verbum Domini ta 2010 tare da ƙara na biyar. Minti 20 sun isa. A ɗauki wuri gajere, aya 10 zuwa 15, Bisharar ranar ta fi sauƙi. A roƙi Ruhu Mai Tsarki, a karanta sau biyu da murya a hankali, ana tambaya: wa ke magana, ga wa, me ya faru kafin nan? Sai a tsaya kan kalmar da ta taɓa zuciya a yi ta juya ta. Sai a amsa wa Allah da bakin kai, godiya ce ko tuba ko roƙo. Sai a yi shiru. Na biyar shi ne aiki, abu ɗaya takamaimai da za a yi kafin rana ta faɗi. Inda akan ɓata shi ne tsallake mataki na farko, a faɗa "me yake ce mini" ba a san me ya ce ba. Mai son karanta Littafin a jere kuma, kada ya fara daga shafi na 1. Farawa da Fitowa suna tafiya da daɗi, a Littafin Firistoci ake yada zango ba a sake tashi. Ya fara da Markus, sura 16 ce kawai, sai Luka da Ayyukan Manzanni. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, sura ɗaya a rana ba ta kai wata 9 ba. Buɗe littafi da ka a ɗora yatsa don a ga abin da Allah zai ce kan aure ko tafiya, wannan duba ne da rigar addini. Haka sa shi ƙarƙashin matashin kai kamar laya.

A ƙananan ƙungiyoyin unguwa, inda ake taruwa a tsakar gidan wani da yamma, an saba da matakai 7 da cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu ta tsara: a gayyato Ubangiji da addu'a, a karanta wurin, kowa ya ɗaga kalma ɗaya ya faɗe ta a hankali ba sharhi, a yi shiru na ƴan mintoci, a faɗi abin da ya taɓa zuciya, a tattauna aikin da ƙungiya za ta yi, a rufe da addu'a. Mutum 8 zuwa 15 ya fi, in an wuce haka masu kunya ba sa buɗe baki. Kyawun tsarin shi ne wadda ba ta iya karatu ba tana da cikakken rabo, tunda da kunne ake kama kalmar. Abubuwa uku ke kashe irin wannan zama. Mai ilimi ya mayar da mataki na biyar wa'azi. Wani ya ɗauki aya ya yi wa maƙwabciyarsa habaici da ita, shi ya sa ƙa'idar ita ce a ce "ni", kada a ce "wasu mutane". Sai kuma tambaya mai wuya ta taso a tsaya gardama har dare. Mai jagora ya rubuta tambayar, ya ce, "Baba, za mu kai wa katikis ko fada, mu kawo amsa mako mai zuwa," ya kuma cika alkawari.

Saura masu karatu a gaban jama'a, da katikis da ke jagorantar sujadar Lahadi a ƙauyukan da firist ba ya samun zuwa kowane mako. Ga mutane da yawa, abin da ya fito daga bakinsu shi ne Littafi Mai Tsarki na wannan mako gaba ɗaya. Mai karatu ya karɓi wurinsa tun ranar Alhamis, ya karanta da murya aƙalla sau uku, ya tambayi yadda ake furta sunaye, ya nemo inda dogayen jimlolin Bulus ke numfashi. Kafin a fara Misa ya je ya duba cewa kundin shekarar da ake ciki ne a kan mumbari, zaren alama kuma yana kan Lahadin da ta dace, musamman a makon da aka shiga sabuwar shekarar sujada. Inda za a juya karatun zuwa Hausa ko Zabarmanci, a shirya fassarar a rubuce tun daga gida, a gwada ta da Littafi Mai Tsarki na harshen. Mai fassara nan take yakan taƙaita abin da ya yi masa wuya, ya faɗaɗa abin da ya yi masa daɗi, jama'a kuma ba su da hanyar sanin inda Ishaya ya tsaya da inda shi ya fara. In wurin na bukatar bayani, a bar shi sai lokacin wa'azi.